Ranar da Kamfanin Mai ya Rufe Famfo: Shell-BP da Yaƙin Biyafara



In kana cikin masu sauraren radiyo, wataƙila ka tuna da labarin da aka yi ta bayarwa a shekara ta 2022. A ƙarshen watan Fabrairu ƙasar Rasha ta kai ma ƙasar Yukren yaƙi. Ba a yi mako guda ba sai manyan kamfanoni na Turai da Amurka suka fara cewa sun tsai da aiki a Rasha. Masu ƙera mota, masu sayar da abinci, masu haƙar mai, kowa ya yi ta rufe ƙofa. Cikin na farko da suka yi magana akwai kamfanoni biyu na man fetur, BP da Shell. Mutane da yawa sun ɗauka sabon abu ne a duniya. Ba sabo ba ne. Waɗannan kamfanoni biyu sun taɓa rufe aiki saboda yaƙi shekara 55 kafin haka. Kuma ba nesa da mu ba, nan kudu gare mu, cikin Najeriya, ƙasar da tsofaffinmu ke ce ma Ingilishi. A Rasha su suka ce sun fita. A Najeriya kuwa tilas ce ta kama su. Labarin Najeriya zan ba ka, don hayaƙinsa ya iso har gonakinmu.

Da farko, mene ne irin wannan kamfani? Kamfani ne wanda gidansa na asali ke wata ƙasa, rassansa kuwa suna cikin ƙasashe da yawa. Masu shi mutane ne dubbai da suka zuba kuɗɗi, yawancinsu ba su taɓa taka ƙasar da ake aikin ba. Riba kawai suke jira a ƙarshen shekara. Mu ma mun san irinsu. Tambayi tsohon da ya ga cinikin gujiya a Maraɗi ko Damagaram zamanin Turawa. Zai faɗa maka sunan CFAO da SCOA da Niger-France, masu sikeli da manyan kantuna. Mai awo yana nan gabanka, amma mai yanke farashi yana can bayan teku.

To, haka Shell-BP yake, sai dai shi ba gujiya yake saye ba. Tun shekara ta 1937 Turawansa suka fara neman mai cikin kurmi da fadamun kudancin Najeriya. Yaƙin duniya na biyu ya tsai da su, bayan yaƙin suka koma. Sai a 1956 suka dace, a wani ƙauye mai suna Oloibiri, cikin ƙasar Ijo, inda kogin Kwara ya rarrabu kafin ya faɗa teku. Zurfin rijiyar ya fi kilomita 3 da rabi. Kai da ka san wahalar gina rijiya mai gaba 20, sai ka auna. A 1958 jirgin ruwa na farko ya ɗauki man Najeriya zuwa Turai. Kamfanin na iyayen gida biyu ne. Rabi na Shell, wato mutanen Ingila da Holan. Rabi na BP, kuma kusan rabin BP a lokacin na gwamnatin Ingila ne ita kanta. Riƙe wannan a ranka, za mu dawo gare shi.

Mai ba a ɗaukarsa a buhu. Bututun ƙarfe ake shimfiɗawa daga bakin rijiya, ya bi daji da ruwa har bakin teku. Bututun Shell-BP duka suna ƙarewa wuri guda, wani tsibiri mai suna Boni, kudu da Fatakwal. Can aka kafa manyan tankuna, can jiragen ruwa ke zuwa su sha su tafi. A 1965 aka ƙara wani bututu da ya ƙetare Kwara, don man yamma da kogin shi ma ya fita ta Boni. A shekarar nan kuma aka buɗe matatar mai kusa da Fatakwal, inda ake dafa ɗanyen mai ya zama man mota da kananzir. Ita kaɗai ce matata a duk Najeriya. Ka ga ke nan dukiya mai yawa, amma ƙofarta ɗaya. Wanda ya riƙe Boni da Fatakwal ya riƙe wuyan tulu.

A farkon 1967 Najeriya tana fitar da fiye da ganga 500,000 kowace rana. Gangar da suke awo da ita lita 159 ce, ba ta kai babbar gangar ƙarfe ta lita 200 da muka sani ba. Cikin ganga goma, fiye da takwas na Shell-BP ne. Kuma kusan kashi biyu cikin uku na man daga jihar Gabas yake fitowa.

Ana cikin haka ƙasar ta rikice. Ranar 15 ga Janairu 1966 wasu ƙananan hafsoshin soja suka yi juyin mulki. Suka kashe Sardauna Ahmadu Bello da Abubakar Tafawa Ɓalewa da wasu manya. Yawancin hafsoshin Ibo ne, sai zuciyar mutanen Arewa ta ɓaci. A ƙarshen Yuli sojojin Arewa suka rama, Yakubu Gowon ya hau mulki. Cikin wannan shekara an kashe dubban Ibo a garuruwan Arewa, talakawa waɗanda ba su san hawa ba, ba su san sauka ba. Abin baƙin ciki ne, ba kuma abin ɓoyewa ba ne. Fiye da mutum miliyan ɗaya suka kwashe ɗiyansu suka gudu Gabas. An zauna sulhu a Aburi ta ƙasar Gana a Janairu 1967, abin bai ɗore ba. Ranar 27 ga Mayu Gowon ya raba Najeriya jiha 12. Gabas ya yanka ta uku, ya ware ƙasar mai daga ƙasar Ibo, ya ba ƙananan ƙabilu na bakin teku jiharsu. Bayan kwana uku, ranar 30 ga Mayu, gwamnan Gabas, Odumegwu Ojukwu, ya ce Gabas ta fita daga Najeriya. Ya raɗa mata suna Biyafara.

Yanzu ka sa kanka wurin kamfanin. Ka ɗauka ka karɓi gona hannun wani dattijo, kana ba shi dami goma kowace kaka. Dattijon ya rasu, ɗiyansa biyu suka shiga rigimar gado. Babban yana gari, takardar gonar tana hannunsa. Ƙaramin yana zaune bakin gonar da sanda. Kaka ta yi, kowa ya aiko maka ya ce shi za ka ba damman. In ka ba babban, ƙaramin ya hana ka shiga gona. In ka ba ƙaramin, babban ya tare maka hanyar kasuwa. Ga halin da Shell-BP ya shiga. Akwai kuɗɗin da yake biyan gwamnati bisa kowace gangar da ya haƙo, ban da haraji. Lokacin biya ya zo cikin watan Yuli, miliyoyin fam ne. Yarjejeniyarsa da gwamnatin Ikko ya yi ta. Amma yawancin rijiyoyinsa da ma'aikatansa, da ofishinsa na Fatakwal, suna hannun Ojukwu.

Kada ka ɗauka maganar kuɗɗi ce kawai. Ojukwu yana bukatar kuɗɗin don sayen makamai, gaskiya ne. Amma akwai abin da ya fi wannan. In babban kamfani na Ingila ya biya Biyafara, ya shaida ke nan gaban duniya cewa Biyafara ƙasa ce. Gowon ya san haka. Shi ya sa ya ce ko kwabo kada a ba ta.

Sai ga wata fitina daga nesa. Cikin watan Yuni na 1967 aka yi yaƙin kwana shida tsakanin Isra'ila da ƙasashen Larabawa. Aka rufe mashigin Suwez na ƙasar Masar, inda jiragen mai ke ratsawa zuwa Turai, kuma bai buɗe ba sai 1975. Wasu ƙasashen Larabawa suka daina sayar ma Ingila mai. Man Najeriya kuwa ba ya bin Suwez. Nan da nan ya zama abin so a Landan. Gwamnatin Ingila ba ta son famfon ya tsaya ko kwana guda. Da farko ba ta fito fili ta goyi bayan kowa ba. Tana kallo ne ta ga wanda zai rinjaya.

Manyan kamfanin suka nemi dabara ta tsaka-tsaki. Suka yi ma Ojukwu alkawarin fam 250,000, wai ɗan abin taɓawa kafin a ga yadda hali zai yi. Dabarar ba ta gamsar da kowa ba. Ojukwu ya ga abin ya yi kaɗan. Gowon ya ga cin amana ne. Dama tun farko jiragen yaƙin Najeriya sun tare tekun Gabas, amma suna barin jiragen mai su wuce. Da labarin alkawarin ya isa Ikko, a farkon Yuli, sai aka ce jiragen mai ma kada su shiga Boni. Ranar 6 ga Yuli aka fara harbi a iyakar arewacin Biyafara. Tankunan Boni suka cika, ba jirgin da zai kwashe. Tanki in ya cika, dole a rufe rijiya. Haka aka bi su ɗaya bayan ɗaya ana murɗe famfo. Biyafara ta tsare babban manajan kamfanin, wani Bature mai suna Stanley Gray, na wasu kwanaki kafin ta sake shi. Ta kuma ce kayan kamfanin duka sun koma hannunta.

A ƙarshen Yuli sojojin Najeriya suka zo ta teku, ƙarƙashin Benjamin Adekunle, wanda ake ma laƙabi da Baƙin Kunama, suka kama Boni. Tun daga nan Ingila ta daina kallo. Ta ga inda nasara ta karkata, ta ci gaba da ba gwamnatin Ikko makamai har ƙarshen yaƙi. Ka tuna na ce maka kusan rabin BP nata ne. Amma kama Boni bai sa mai ya gudana ba. Bakin tulun yana hannun Gowon, cikinsa yana hannun Ojukwu, don bututun ta ƙasar Biyafara suka ratso.

Bari mu tsaya nan kaɗan, mu duba abin da ake nufi in an ce kamfani ya tsai da aiki. A radiyo magana ce ta numfashi guda. A ƙasa kuwa ga yadda take. Turawan kamfani ana fara kwashe matansu da ɗiyansu. Daga baya mazan su bi, wasu ta jirgin ruwa daga Fatakwal, wasu su ƙetare Kwara ta Onica. Ana kai su wata ƙasa inda kamfanin ke da reshe, albashinsu bai yanke ba. Ɗan ƙasa kuwa, direba da makaniki da mai gadi da magatakarda da lebura, ba inda za shi. Nan gidansa yake. An rufe ofis, ba mai biya. Bayansa kuma akwai mai tuwon da ke sayar masa da abinci, da mai gidan da yake haya, da telan da ke masa ɗinki, da tsohuwarsa a ƙauye da ke jiran aike. Ba Shell-BP kaɗai ba. Manyan gidajen ciniki irin su UAC da John Holt, da masana'antun Aba da Fatakwal, duk Turawansu sun fita, harka ta tsaya.

Ga kuma wani abu da na ga ya kamata manomi ya lura da shi. Mai ba ya ruɓewa. Ya yi shekaru da ba su ƙidayuwa a ƙarƙashin ƙasa, in ya ƙara uku ba abin da zai same shi. Gujiyarka in ta daɗe a tsibi ƙwari su ci ta. Sanka in ya rasa kasuwa ya rame. Cikin yaro ba ya jiran a gama yaƙi. Kamfani kuwa ya yi hasara, ba shakka, an fasa masa bututu, an ƙona masa wasu kaya. Amma yana da rijiyoyi a wasu ƙasashe da ke cike masa gurbi. Yana iya jira. A ganina wannan ne babban bambanci tsakaninsa da mutanen da yake zaune cikinsu.

Ba kowane kamfani ne ya rufe ba. Akwai na Amurka mai suna Gulf. Shi rijiyoyinsa cikin teku suke, yamma da Kwara, jirgi na zuwa ya ɗauka ba tare da ya bi ta Boni ba. Shi ya ci gaba da aiki. Ba don ya fi Shell-BP ƙarfin zuciya ba, ba kuma don ya fi shi rashin tausayi ba. Wurin da rijiyarsa take ne ya cece shi. Duk da haka man Najeriya ya faɗi ƙwarai. A 1968, in an raba na shekara bisa kwanaki, bai kai ganga 150,000 a rana ba.

Cikin Biyafara fa? Sojojin Najeriya sun kama Inugu a watan Oktoba 1967, suka kama Fatakwal a watan Mayu 1968. Biyafara ta rasa teku, ta rasa matata. Sai injiniyoyinta da malaman makarantunta suka yi abin mamaki. Suka harhaɗa tankuna da bututu cikin daji, suna dafa ɗanyen mai da kansu, suna samun na zuba ma motocin soja da na asibiti. Aikin da ake cewa sai Bature, ga shi ɗan ƙasa ya yi shi da tarkacen ƙarfe. Amma abinci ba a dafa shi daga rijiya. Mutanen Gabas rogo da doya suke nomawa. Namansu yawanci shanun Arewa ne da ake saukewa a kasuwar Umuwahiya, da busasshen kifi da jirgi ke kawowa daga ƙasar Norwe. Duka biyu suka yanke. Gishiri ya zama kamar zinariya. Yara suka kama ciwon kumburi na rashin abinci mai gina jiki, ciki ya yi tulu, gashi ya yi ja. Jiragen sama na taimako suna sauka da dare bisa wata hanyar mota a Uli, ba fitila sai ta ɗan lokaci. Masu ƙidaya sun sha bamban, amma da yawa suna cewa mutum miliyan ɗaya ko fiye suka mutu, yawancinsu yara, yawancinsu da yunwa. Wasu likitocin Faransa da suka yi aiki can su ne suka haɗu da wasu suka kafa ƙungiyar MSF a 1971, wadda mutanen Maraɗi suka sani wajen jinyar yara masu tamowa.

Akwai wani abu da ya faru a watan Mayu 1969 da ya kamata ka ji. Sojojin Biyafara suka ƙetare Kwara suka faɗa ma sansanin kamfanin Agip na ƙasar Italiya, kusa da Kwale. Suka kashe ma'aikata 11, suka kama 18, yawancinsu Italiyawa. Kotun Biyafara ta yanke ma waɗanda aka kama hukuncin kisa, wai suna taimakon abokan gaba. Sai duniya ta tashi tsaye. Jaridun Turai suka yi ta kuka, gwamnatoci suka aiko manzanni, Paparoma Paul na shida ya rubuto da kansa. Cikin watan Yuni aka sake su, suka koma gida. Madalla da aka sake su, rai ba abin wasa ba ne. Amma a makonnin nan da ake ta kai da kawowa bisa mutum 18, yaran da aka binne a ƙauyukan Biyafara ba wanda ya san sunansu a Turai. A wannan shekara kuma wani matuƙin jirgi ɗan ƙasar Suwidin, Carl Gustaf von Rosen, ya kawo ma Biyafara ƴan ƙananan jiragen sama. Suka kai hari bisa filayen jirgi, daga baya bisa wuraren mai, don su hana Ikko samun kuɗɗin yaƙi. Ka ga kowane gefe ya gane inda jijiyar take.

Faransa ma tana da nata kamfanin mai a Gabas, sunansa SAFRAP, na gwamnati ne. Shi ma ya rufe tun farkon yaƙi. A ƙarshen Yuli 1968 gwamnatin Janar de Gaulle ta fito ta ce mutanen Biyafara suna da haƙƙin zaɓen makomarsu. Makamai suka riƙa shiga Biyafara ta Gabon da Kodibuwa. Waɗannan ƙasashe biyu, da Tanzaniya da Zambiya, sun amince da Biyafara a matsayin ƙasa. Mutanen Ikko suka ce ƙamshin mai ne ya ja Faransa. Faransa ta ce tausayi ne.

A nan ne ƙasarmu ta shigo cikin labarin. Shugaba Diori Hamani abokin Faransa ne na ƙud da ƙud, amma a wannan magana bai bi ta ba. Ya tsaya bayan Najeriya ɗaya. Dalili a fili yake. Iyakarmu da Najeriya ta kai kilomita 1,500. Mutanen Ƙonni da na Sakkwato, na Maraɗi da na Katsina, na Damagaram da na Kano da Daura, dangi ne, kasuwa ɗaya suke ci. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa ma naka ruwa. Diori yana cikin shugabanni shida da ƙungiyar haɗin kan Afirka ta ɗora ma aikin sulhu. A watan Yuli 1968 aka yi taro a Yamai. Gowon ya zo, bayansa Ojukwu ma ya zo. An tattauna hanyar da za a shigar da abinci ga masu yunwa, ba a daidaita ba. Aka ɗage maganar zuwa Adis Ababa, can ma ba ta ƙulle ba.

Talakan Nijar shi ma ya ji a jikinsa. A lokacin gujiya ce babbar hajar da ƙasarmu ke fitarwa, SONARA ke sayenta tun da aka kafa ta a 1962. Gujiyar Maraɗi da Damagaram da yawa ta Kano take bi, a loda ta a jirgin ƙasa zuwa bakin teku. To, ma'aikatan jirgin ƙasa na Arewa da yawansu Ibo ne, direbobi da makanikai da masu kula da tasha. Da suka gudu a 1966 aikin jirgi ya yi rauni. Da yaƙi ya tashi, layin da ke zuwa Fatakwal ya yanke, saura na Ikko kaɗai, shi ma kayan soja ne a gaba. Sai aka ƙara dogara bisa doguwar hanyar Dahome, wadda yau ake kira Benin, mota ta kai Paraku, jirgin ƙasa ya kai Kwatano. Doguwar hanya kuwa tsada gare ta, kuma ka san daga aljihun wa ake cire kuɗɗin mota. Matatar Fatakwal ta tsaya, Najeriya da kanta ta koma sayen tataccen mai daga waje. Dillalan shanu sun rasa kasuwar Gabas. A Janairu 1968 kuma gwamnatin Ikko ta sake takardun kuɗɗinta cikin gaggawa, don fam ɗin da ke hannun Biyafara ya zama banza. Duk falken da ke da tsohon fam a ƙulle sai ya yi sauri ya canza, in ba haka ba ya tashi da takarda. Sai dai kada mu ɗora ma yaƙin komai. A shekarun nan ne Faransa ta daina sayen gujiyarmu bisa farashin gata, kuma daga 1968 ruwan sama ya fara ja da baya, har aka shiga babban fari na 1973. Abu uku ne suka haɗu ma manomi.

Shell-BP bai jira ƙarshen yaƙi ba. Da Fatakwal ta koma hannun Najeriya sai ya dawo da ma'aikatansa, bayan soja, suna gyaran bututu ana jin ƙarar bindiga. Kafin 1968 ta ƙare mai ya fara fita kuma. Kuɗɗin da yake biya suka koma Ikko, suka taimaka wajen ciyar da rundunar da ta tashi daga kamar soja 10,000 ta kai wajen 250,000. A Janairu 1970 Ojukwu ya hau jirgi ya tafi Kodibuwa. Ranar 15 ga wata mataimakinsa Philip Effiong ya miƙa wuya a Ikko. Gowon ya ce ba wanda ya ci, ba wanda aka ci. An yi wata 30 ana yaƙi.

A wannan shekara ta 1970 man Najeriya ya wuce ganga miliyan ɗaya a rana, ninki biyu na kafin yaƙi. A 1974 ya wuce miliyan biyu. Rijiyoyin da aka murɗe a 1967 suna nan yadda aka bar su, aka buɗe, mai ya taso.

Mutumin Gabas kuwa da ya fito daga daji, ga abin da ya tarar. Kuɗɗin Biyafara da ke hannunsa ba su da amfani. Gwamnati ta ce a kawo su banki. Duk wanda ya kawo, ko ya yi ajiya da su lokacin yaƙi, fam 20 aka ba shi, ko nawa ya kawo. Mai fam ɗari da mai fam dubu goma duk ɗaya. Ibo da yawa da suka gina gidaje a Fatakwal sun dawo sun tarar da wasu a ciki, an ce dukiya ce da aka yasar. Da yawansu ba su sake samun gidajen ba. Bayan shekara biyu, a 1972, aka yi doka cewa kamfanonin waje su sayar ma ƴan ƙasa wani kashi na hannun jarinsu. Doka ce mai kyau. Amma mai fam 20 da me zai saya?

Gwamnatin Najeriya ta ɗauki darasi nata. Ta ga ba daidai ba ne dukiyar da ƙasa ta dogara da ita ta zama duka a hannun baƙo. A 1971 ta kafa kamfanin mai na ƙasa, wanda ya zama NNPC a 1977, ta kuma shiga ƙungiyar OPEC ta ƙasashe masu sayar da mai. SAFRAP na Faransa ba a bar shi ya koma aiki ba sai da ya ba gwamnati kashi 35 cikin 100. Shell-BP ma an karɓi kashi 35 a 1973, aka kai 55 a 1974. A 1979 gwamnatin Janar Obasanjo ta ƙwace rabon BP gaba ɗaya, ta ce yana da hannu wajen kai mai Afirka ta Kudu, inda Turawa ke mulkin wariyar launin fata a lokacin. Wannan karon ba kamfani ne ya rufe ƙofa ba, shi aka rufe ma.

Shell ya zauna. A 1993 ya sake tsai da aiki a wani yanki, ƙasar Ogoni, don mutanen wurin sun tashi bisa man da ke malala yana kashe musu gonaki da kifi. Jagoransu marubuci ne, Ken Saro-Wiwa, wanda lokacin yaƙin Biyafara gwamnatin Ikko ta naɗa mai kula da Boni. Gwamnatin soja ta Sani Abacha ta rataye shi da mutum takwas ranar 10 ga Nuwamba 1995. A watan Maris 2025 Shell ya gama sayar da reshensa mai haƙar mai bisa tudu ga wata ƙungiyar kamfanoni, yawancinsu na ƴan Najeriya, ya riƙe aikinsa na cikin teku mai zurfi da na iskar gas.

Rijiyar Oloibiri kuwa ta daɗe da daina ba da mai, tun cikin shekarun 1970. An toshe bakinta da ƙarfe. Kusa da ita an kafa allo, an rubuta shekarar da aka gina ta da zurfinta.